Hatimin FCC ba ya aiki a Misfala

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Makka wajen Misfala, ina aiki da wani kamfanin Umara da ke kawo mutanenmu daga Kano da Maraɗi. In mun fita ziyara malami na bayani, na baya ba sa ji, mu jagorori kuma in jama'a ta yi yawa ba ma samun juna. Ƙanena da ke Amurka zai aiko mini da na'urar nan da jagora ke magana mutane na ji a kunne, saiti mai guda sittin, da oba-oba shida. Ya ce duk suna da hatimin FCC, don haka ko'ina a duniya an yarda da su. Sannan gidan da nake haya shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta shiga, wani ya ce in sa muƙawwi, na'urar ƙara ƙarfin sabis. Akwai matsala? Kuma me ya sa na'ura ɗaya za ta halatta a wata ƙasa ta haramta a wata?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka da hidimar baƙin Allah.

Ka kira ƙanen naka yau ka ce ya dakata tukuna. Ban ce kayan ba su da kyau ba, mai yiwuwa ma sun fi na shagunan Shari' Falasɗin a Jidda inganci. Fahimtar da ya yi wa hatimin ce ba daidai ba. FCC hukumar sadarwa ce ta Amurka, an kafa ta a 1934, kuma ikonta ya tsaya inda iyakar Amurka ta tsaya. Kai da ke zaune da iƙama ka fi kowa sanin wannan: iƙamar Dubai, komai kyan katinta, ba ta zaunar da mutum a Makka.

Da ƙanen naka ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin hatimin, da ya ga ko a can gida ba wani babban matsayi aka ba na'urar ba. Rubutun yana nuni ne ga sashe na 15 na dokokin hukumar, kuma sharuɗɗa biyu ne. Na farko, kada na'urar ta yi wa wata sadarwa kutsen da zai cutar. Na biyu, duk kutsen da ya same ta daga wasu ta haƙura ta shanye, ko da zai sa ta rikice. Baƙo ke nan da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure, aka ce kada ya ta da masu gida daga barci, in kuma hayaniyarsu ta dame shi ba shi da bakin ƙorafi. Hatimin CE na Turai ma na yankinsu ne, shaida ce cewa na'urar ta cika ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2014 a kan kayan rediyo. Japan na da nata hatimin da ake kira Giteki, Sin na da SRRC, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dalilin bambancin kuwa, sararin da igiyar rediyo ke bi rabe yake kamar ƙasar noma. Akwai gonakin da aka yanka wa mutane, aka ba su takarda, wasu ma sun biya maƙudan kuɗi: kamfanonin waya, gidajen rediyo da talabijin, jiragen sama da na ruwa, jami'an tsaro. Tsakanin gonakin an bar burtali, inda kowa zai iya kora 'yar dabbarsa ba tare da neman izini ba, muddin bai ƙetare shinge ba. Wi-Fi, Bluetooth, rimot ɗin mota, makirfo marar waya, duk a burtali suke tafiya. Abin da ke jefa mutane cikin rigima shi ne ba wuri ɗaya kowace ƙasa ta yanka burtalinta ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ke Janiba kuma ta samo asali tun 1865 zamanin tangaraho, ta kasa duniya yanki uku. Yanki na ɗaya ya haɗa Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa, har da Saudiyya. Na biyu nahiyar Amurka ce, Arewa da Kudu. Na uku yawancin Asiya da Ostareliya. Duk bayan shekara uku zuwa huɗu ƙasashe kan zauna su sake duba rabon, zaman 2023 a Dubai aka yi shi. Bayan wannan kuma kowace ƙasa na da ikon tsara cikin gidanta. A nan mai wannan iko ita ce Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, CST, wadda kafin 2022 aka sani da CITC.

Ka taɓa ganin wannan bambanci da idonka ko ba ka lura ba. Tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Japan, rediyonsu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, mai mota ya yi ta murɗawa bai kai tashar da yake so ba, domin FM ɗinmu daga 87.5 ne zuwa 108. Rimot ɗin motar Amurka yawanci a kan megahaz 315 yake, na Turai a kan 433. Waɗannan ba su cika cutar da kowa ba. Wanda ke cutarwa shi ne wanda zan faɗa maka yanzu, kuma shi nake tsoro a kayan ƙanenka.

A Amurka akwai wani faffaɗan burtali daga megahaz 902 zuwa 928. Na'urori masu yawa da aka ƙera don kasuwarsu a nan suke magana, har da wasu daga cikin irin saitin jagora da kake nufi. A yankinmu wannan wurin ya hau kan gonar kamfanonin waya. Jawwal ɗinka, wato wayar hannunka, in yana kan zangon 900, tsakanin 880 da 915 yake aika magana zuwa ƙarfen sabis, ƙarfen kuma ya maido masa tsakanin 925 da 960. Ka ɗora lambobin a kan juna ka gani: daga 902 zuwa 915 na'urar Amurka tana tsakiyar hanyar da wayoyin mutane ke bi su isa ƙarfe, daga 925 zuwa 928 kuma tana kan hanyar dawowa. Hanyar zuwan ita ce mai rauni. Waya 'yar ƙaramar aba ce mai ɗan batir, a 4G ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ba, kuma kafin muryarta ta ratsa bango da gine-gine ta isa ƙarfe ta koma raɗa. Ƙarfen sabis kasa kunne yake yi ƙwarai don ya ji wannan raɗar. In wani ya tsaya kusa da shi yana magana a kan zangon, ko ba da ƙarfi ba, ya toshe masa kunne. Abin da mutanen unguwa za su gani shi ne kira na yankewa, intanet na jan ƙafa, batir na saurin ƙarewa domin kowace waya ta ɗaga murya tana neman a ji ta. Ba wanda zai kawo a ransa cewa wata 'yar na'ura ce a wuyan jagoran Umara.

Na sha ganin irin wannan lokacin da nake aikin bin sawun kutse da wani kamfanin waya a Jidda. Akwai wani ƙarfe da ɓangare guda nasa ya cika da ƙara dare da rana. Kwana uku muna zagaye unguwar da na'urar auna zango da wata eriya mai kama da ƙayar kifi, muna nuna ta gida gida, har ta kai mu wani bene hawa na uku. Wayar tebur ce marar igiya, wadda 'yar wata dattijuwa ta kawo mata tsaraba daga Amurka. Irin waɗannan wayoyi a Turai da nan tsakanin 1880 da 1900 suke aiki, amma na Amurka an ɗaga su zuwa 1920 har 1930, daidai inda wayoyin 3G ke aika magana zuwa ƙarfe. Hajiya ta rantse ita ko kira ba ta cika yi da ita ba, kuma gaskiya ta faɗa. Gindin wayar da ke jone da wuta ba ya yin shiru, kullum yana sanar da kansa ko da hannun wayar na ajiye. Hatimin FCC na nan raɗau a bayanta. Muka zare ta daga soket, ƙarar ta ɗauke nan take muna kallon allo. Ta ba ni tausayi, domin ba ta san ta yi komai ba, ta ma dage sai mun sha shayi kafin mu sauka.

To, saitin jagoran. Guda sittin ɗin da alhazai za su rataya karɓa kawai suke yi, ba sa watsa komai, saboda haka ba su ne abin dubawa ba. Ɗayan da ke hannun malami shi ne mai watsawa, kuma lambobi biyu nake so ka nemo a jikinsa ko a takardarsa: zangon da yake aiki a kai, da ƙarfinsa. In ka ga 902 zuwa 928, ko aka rubuta 915 kawai, a bar shi a can, kuma sittin ɗin ma ba su da amfani domin yarensa kaɗai suke ji. Wanda aka yi don kasuwar Turai za ka ga 863 zuwa 865, zangon da suka ware wa sauti marar waya a kan miliwat 10, kuma ƙa'idojin fasaha na Saudiyya sun fi jingina da na Turai. Duk da haka kada ka ɗauki CE a matsayin izini, amincewar CST ga wannan samfurin ita ce izini. Akwai kuma masu aiki a kan gigahaz 2.4, burtalin da kusan duk duniya ta yarda da shi. Ta fuskar doka sun fi sauƙi, amma a wajen aiki ina da ja a kansu. Wannan zango cunkushe yake da Wi-Fi da Bluetooth na kowa da kowa, kuma jikin mutum, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye shi. Abin da aka rubuta a kwali cewa yana kai mita ɗari da hamsin, a fili aka auna shi ba kowa. A Jabalur Rahma ko Uhudu da safe zai yi maka aiki. A cikin turmutsutsun bayan sallar Isha a daren Ramadan, na sahun baya za su riƙa jin malam yana yankewa. Ka sa mai watsawar a sama, a kafaɗa ko a kan 'yar sanda, kada a cusa shi aljihun jallabiya. Wani abu kuma daban: izinin hukumar sadarwa ba shi ne izinin shiga da kaya cikin Harami ba. Wannan hurumin masu kula da Masallatan biyu ne da askarawan ƙofa, sai kamfaninku ya tambaya ta hanyarsa.

Oba-oba ta fi saitin jagora haɗari, domin ƙarfinta ya ninka nasa sau ɗaruruwa. Ƙananan da ake sayarwa a manyan kantunan Amurka ba tare da lasisi ba suna kan 462 da 467, har zuwa wat 2. Takwarorinsu na Turai suna kan 446, rabin wat, kuma eriyarsu ba ta cirewa. Ka ga ko tsakanin waɗannan biyun ba a haɗu ba, kuma sassaucin da wata ƙasa ta yi wa 'yan ƙasarta ba ya bin na'ura cikin akwati. Wadda ta fi damuna ita ce irin Baofeng UV-5R da ta cika kasuwa saboda arha. Tana watsawa daga 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama, da ƙarfin wat 4 zuwa 5, kuma duk lambar da ka danna za ta hau. A cikin wannan faɗin akwai 156.8, tashar da jiragen ruwa na duk duniya ke kiran neman agaji a kai. Tashoshin da take zuwa da su daga masana'anta ma na gwaji ne, ba a zaɓe su don dacewa da dokar kowace ƙasa ba. Mutum zai kunna ya ji shiru ya ce ba kowa a nan, alhali ba ya jin masu wurin ne kawai, su kuwa suna jinsa sarai.

Ka tuna inda kake aiki. A Hajjin 2024 mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas suka taru a Mina da Arfa. Jami'an tsaro, motocin agajin gaggawa na Hilal Ahmar, 'yan kwana-kwana, jirgin ƙasan Masha'ir, duk da rediyo suke magana da juna, kuma hukumar na baza na'urorin sa ido a kan zanguna a Makka da Madina a lokacin. Mai watsawa ba ya ɓuya. Duk sanda ka danna maɓalli ka faɗi inda kake tsaye. A Saudiyya oba-obar aiki da lasisi ake riƙe ta, a kan zangon da aka rubuta maka. Har masu fita jeji kiwo da farauta suna da nasu lasisin da ake kira Barari. Ni dai da ni ne kai, jagorori shida ba su kai a sha wannan wahala ba. Ku sa manhajar danna-ka-yi-magana irin Zello a wayoyinku, ko ku yi hayar rediyo daga kamfanin da ke da lasisi a nan, shi ya san zangonsa, shi ke ɗauke da alhakinsa.

Muƙawwi kuwa amsarsa gajera ce: kada ka saya. Hukumar ta hana sayarwa da amfani da waɗanda ba ta amince da su ba, kuma ta sha gargaɗi a kai. Ka san kukan da lasifikar masallaci ke yi in ladan ya matso da makirfo kusa da ita? Haka muƙawwi mai arha ke yi in eriyarsa ta waje ta jiyo ta ciki, sai dai kukan nasa kunne ba ya ji, ƙarfen sabis ne ke shan sa. Kai za ka ga sanduna sun cika a wayarka, maƙwabta kuma su rasa gane abin da ya sami tasu. Hanyar da ta dace ita ce ka shigar da ƙorafin raunin shabaka wajen kamfaninka, stc ne ko Mobily ko Zain, ka riƙe lambar ƙorafin, in ba su gyara ba ka ɗaukaka shi zuwa CST ta manhajarta. Kafin nan, in kana da intanet na gida, ka kunna kira ta Wi-Fi a saitin wayarka. Gidajen Misfala masu kaurin bango da yawa wannan kaɗai ya ishe su. Dokar sadarwa ta ƙasar ta ba da damar tara har riyal miliyan 25. Wannan ƙololuwa ce, gwargwadon laifi ake yankewa, amma ƙwace kaya da shiga littafin hukuma kaɗai ba abin da mai iƙama zai so ba ne a kan na'urar riyal ɗari uku.

Kada ka ɗauka kullum Saudiyya ce mai tsanani. Wani wurin ita ce mai sakin hannu. A 2021 ta buɗe wa Wi-Fi zangon gigahaz 6 gaba ɗayansa, daga 5925 zuwa 7125, alhali Tarayyar Turai ƙasa da rabinsa ta buɗe. Rauta, wato na'urar Wi-Fi ta gida, da ke aiki da cikakken faɗinta a Jidda, in aka kai ta Faransa a haka ta shiga gonar wani. Ko a tsohon zangon 2.4, Amurka tashoshi 1 zuwa 11 take amfani da su, Turai har 13, Japan ta ƙara ta 14. Shi ya sa wani lokaci kwamfutar da aka sayo daga Amurka takan kasa ganin rautar gida, mutum ya yi ta zargin kwamfutar, alhali rautar ce ta zauna a tasha ta 13. A gigahaz 5 kuma akwai wurin da Wi-Fi ke zaman haya tare da radar hasashen yanayi, musamman tsakanin 5600 da 5650, kuma sharaɗin zaman shi ne rauta ta saurara, in ta ji radar ta tashi ta ba ta wuri. Masu haɗa intanet daga bene zuwa bene sukan canza sunan ƙasa a cikin saiti don su sami ƙarin ƙarfi ko su kashe wannan sauraro. A 2009 irin wannan kutse ya shiga radar filin jirgin saman San Juan a Puerto Rico, wadda ke gano iskar da ke iya kayar da jirgi wajen sauka. In mai haɗa maka intanet ya ce bari ya mayar da rautar "Amurka" don ta fi ƙarfi, ka ce masa a'a.

Ga abin da za ka yi. Ƙanenka ya ɗauko hoton takardar da ke manne a bayan mai watsawar da ta oba-obar, inda sunan samfuri da zango da ƙarfi suke. Ka shiga shafin CST ka nemi samfurin a jerin na'urorin da ta amince da su. In babu shi, kada a aiko. Kwastam ba za su kalli guda sittin a kwali ɗaya a matsayin kayan amfanin kai ba, za su nemi takardar fasahi, wato izinin shigo da kayan, kaya kuma su yi ta zama a sito ana lissafa maka kuɗin ajiya. Mafi sauƙi shi ne ya turo maka kuɗin ka saya a nan wajen dillalin da ya shigo da su ta hanya, ka karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da sunan samfurin, ka ajiye hotonta a waya saboda ranar da askari zai tambaya.

In kuma kuna da niyyar bayan Umara ku tafi da saitin gida don bitar maniyyata, lissafin sabo ne. A Nijeriya NCC ce ke amincewa da samfuri ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, a Nijar kuma ARCEP. Sauƙin da ke ciki shi ne su da Saudiyya duk yanki na ɗaya suke, kuma zangon 900 na wayoyin Kano da Maraɗi a wuri ɗaya yake da na Makka, saboda haka na'urar 915 da ba ta zauna a nan ba can ma ba za ta zauna ba. Ka turo mini hoton takardun in ƙanen naka ya aiko, in duba maka lambobin kafin ka biya kowa.